Jinyar Furanni a Kampung Baru

Zangonmu na farko a Kuala Lumpur wani ɗan ɗaki ne a saman shagon robobi a Chow Kit. Ni da ƙanena Nuhu muka iso tare daga Jos, ni zan karanta harkar otal, shi kuma kwamfuta. Mutumin da ya yi mana hanya ɗan ƙasarmu ne, kowa Oga yake ce masa. Ya tarbe mu a filin jirgi da fara'a har kunne, ya kira ni sista, ya dafa kafaɗar Nuhu, sannan ya karɓi fasfo ɗinmu wai zai kai a buga mana bizar ɗalibai. Tun a mota hankalina bai kwanta da shi ba, don mutum ne mai yawan rantsuwa alhali ba wanda ya ce ƙarya yake yi.

Makarantar da muka gani a hoto, da ciyawa kore shar da ɗalibai suna dariya, ashe ɗakuna biyu ne a saman wani tsohon bene, ƙasansa masu gyaran waya. Muka yi ta zuwa muna ɗumama kujerun roba, malami ya leƙo yau, gobe babu shi. Wata safiya muka iske kwaɗo a ƙofa. Na kira Oga, waya a kashe. Na bi kwatancen ofishinsa har Jalan Masjid India, sai wata mai sayar da mayafai ta ce ba ni ce ta farko da ta zo cigiyarsa ba. A bakin titin nan na zauna na yi kuka, mutane suna ratsa ni suna wucewa. Ba fasfo, ba biza, gonar dankalin marigayi Baba da aka sayar aka turo mu kuwa ta riga ta zama ta wani.

Nuhu ne ya ce kada mu gaya wa Mama.

"Yaya Saratu, in ta ji wannan jininta zai hau. Mu yi hustling kaɗan, mu samu takarda, sai mu gyara komai."

Na yarda. Duk ranar Lahadi bayan mun fito coci sai mu nemi inda dogayen benaye suke fitowa a bayanmu, mu kira ta muna washe baki. Ita kuwa tambayarta ɗaya ce kullum, ko muna cin abinci. In mun kashe waya sai kowa ya kalli wani gefe. Kewar gida ta dame ni ƙwarai a lokacin. Ina marmarin gwaten acha mai yakuwa, ina marmarin in farka da safe in ji hancina ya yi sanyi. Garin nan bai san hunturu ba. Zufa da safe, ruwan sama da la'asar, sannan zufa ta dawo.

Na yi wanke-wanke a wani mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi. Na yi mako ina goge faranti, ranar biya mai wurin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce in na ji haushi in kira 'yan sanda. Ya san ba zan kira ba. Na zage shi da Hausa tas, na fito. Daga nan na koma yi wa ɗalibai kitso a ɗakunansu, yaran masu hali da iyayensu ke turo musu komai. Wasu su biya, wasu su ce sai an turo.

Nuhu kuwa ya samu aiki wajen wani mai sayar da kajin ƙanƙara da kifi a bayan kasuwar Chow Kit. Ranar ya shigo yana dariya tun daga matakala.

"Yaya, na samu aikin da aka yi don ni. Kol rum! Shiga ɗakin ƙanƙara kawai, a fito da kwalaye. Duk wanda ya ɗauka gudu yake yi, wai too cold. Na ce masa, boss, I be Jos boy. Mu da muke wanka da ruwan rijiya a Disamba?"

"Sun ba ka rigar sanyi?"

"Akwai wata jaket a rataye, sai ƙarnin kifi take yi. Wa zai sa wannan? Abeg."

Haka mutanen Jos muke. Tun muna yara muke yi wa 'yan Kano da 'yan Sakkwato dariya in sun zo garinmu suna karkarwa cikin bargo. Abin alfaharinmu ke nan, wai sanyi ba ya kama mu. Amma sanyin Jos rana tana fitowa ta kore shi. Wannan na inji ne, ba ya gajiya. Nuhu zai shiga da 'yar singileti, ya fito cikin zafin kasuwa ya haɗa gumi, ya sake komawa da riga jiƙe sharkaf. Har sauran ma'aikata suka sa masa suna, suna nuna shi ga masu saye, shi kuma yana ƙara hura hanci.

Zango na gaba shi ne Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar birni, gidajen katako a ƙarƙashin inuwar benaye. Na je yi wa wata kitso, ina dawowa sai na hangi tukwanen furanni jere a bakin wani gida, duk sun yi laushi, ganye ya yi baƙi ya langaɓe. Wani mutum ya tsuguna da almakashi yana datse rassan har gindi. Ban san lokacin da na daka masa tsawa da Hausa ba.

"Kai! Kada ka yanke!"

Ya ɗago a firgice. Wata tsohuwa da ke zaune a matakalar gidan, ƙafarta ɗaya a miƙe, ta fashe da dariya har tana share ƙwalla. Ta yafito ni. Da ɗan Turancinta ta ce ita ma abin da take gaya masa ke nan tun safe, amma ɗa ba ya jin maganar uwa sai baƙuwa ta faɗa da yaren da bai sani ba. Ta tambayi inda na koyi furanni. Na ce mahaifina gadina ne, ya tsufa yana kula da lambunan manyan gidaje a Jos, a bayansa na tashi riƙe da bokiti.

"Makan dulu," ta ce, wato in fara cin abinci tukuna. Ta zuba mini shinkafa da miyar kwakwa. Ba ta tambayi takardata ba, ranar nan ko bayanta.

Mak Cik nake kiranta, kamar a ce Inna. Sana'arsu ita da ɗan nata Azman ita ce ba da hayar furanni. Azman zai loda tukwane a mota ya kai otal-otal da zaurukan biki da ofisoshi, a jera don ado. Can za su zauna cikin iyakwandishan ba dare ba rana, iska mai sanyi tana hura su, ba hasken rana. In an ga sun fara muni sai a kira shi ya kawo sababbi, ya kwaso tsofaffin. Itatuwa ne 'yan ƙasar zafi, masu laushin jiki, bunga raya mai jan fure da melur mai farin fure da ƙamshi, har da lalle irin namu. Sukan dawo kamar yadda furannin Baba suke zama bayan hunturu mai tsanani. Gwiwar Mak Cik ta hana ta sunkuyawa, don haka ta ba ni bayan gida, inda aka kafa baƙar raga don inuwa. Azman da tsokana yake ce wa wurin asibiti.

Jinyar itacen da sanyi ya buga ba wuya ba ce, haƙuri take ci. Ba a fitar da shi rana nan take, sai ya ƙone gaba ɗaya. Inuwa ake fara ba shi, kusa da bango inda ɗumi yake. Ba a cika masa ruwa, don saiwar da ta sha sanyi ba ta iya sha, ruɓewa take yi. Sai ka tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi ka wuce. Ba a ba shi taki, kamar yadda ba a tura wa mai zazzaɓi tuwo. Ganyen da ya ruɓe kaɗai ake tsincewa. Reshe kuwa, ko ya yi kama da itacen girki, ba a yanke shi, don ba ka san inda ran ya tsaya ba. In kana son sani, ka ɗan kankare ɓawon da farcen babban yatsa. In ka ga kore a ciki yana nan, in ka ga ruwan ƙasa ka ƙara sauka ƙasa ka sake dubawa. Sai toho ya fito da kansa sannan a datse abin da ke samansa. Ni da ba ni da haƙuri da mutane, sai ga shi ina yini a tsugune ina lallashin itace.

Ana cikin haka Nuhu ya fara tari. Ya ce mura ce. Na dafa masa citta da kanumfari, ya sha ya koma aiki. Tarin ya sauka ƙirji, ya fara riƙe haƙarƙari in zai yi dariya. Wandonsa ya fara zamewa. Na yi faɗa, na yi magiya, na sayo masa rigar sanyi a gwanjo, ya sa ta kwana biyu ya ce abokan aiki suna masa dariya. Da na ce mu je asibiti sai ya ce, "Da wace takarda? So kike a kama mu duka biyu?" Maganin kemis muka yi ta saye. Ranar da ya faɗi da kwali a hannu, mai kajin ya sallame shi a take, ya ce ba ya son matsala a shagonsa.

Ɗakinmu na Chow Kit ba taga, kuma ba zan iya barinsa shi kaɗai ba. Na gaya wa Mak Cik ina in-ina. Ba ta bari na gama ba.

"Boleh, boleh, ba matsala. Kawo shi lah. Ga benci, ga inuwa."

Haka Nuhu ya koma kwana a ɗan ɗakin ajiyar tukwane, da rana kuma ya kwanta a benci ƙarƙashin raga, a tsakiyar majinyatana. Mak Cik tana dafa masa kunun shinkafa da citta, tana zama kusa da shi tana masa hira da Malayanci, shi yana amsa mata da Hausa, kuma a haka suke fahimtar juna. Da ya ɗan ji ƙarfi sai ya ce in ba shi aiki, zaman banza zai kashe shi kafin tari. Na riƙa jawo masa tukwane gaban benci yana kankare ɓawo da farce.

"Yaya, wannan yana nan. Wannan ma. Wannan kam sai dai Allah ya ji ƙansa."

"Ƙara sauka ƙasa."

"Kai, ga kore! Mutumin nan ɗan Jos ne, wallahi."

Wata rana Azman ya kawo melur masu yawa daga wani otal, ba ganye ko ɗaya a jikinsu. Ya ce kada in ɓata lokaci, a zubar a yi amfani da tukwanen. Nuhu ya ɗago daga benci da ƙyar ya ce, "Bro, give them small time now." Azman ya dube shi, ya dubi yadda ƙasusuwan wuyansa suka fito. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a jikin bango. Daga ranar bai ƙara maganar zubar da komai a gabanmu ba.

Na yi zaton abin da ke yi wa itace aiki zai yi masa, ɗumi da inuwa da haƙuri. Wasu ranaku har ya zauna ya ci shinkafa ya tsokane ni. Amma zazzaɓin yana dawowa, numfashinsa yana gajarta. Da kansa ya kira ni wata la'asar ana ruwa.

"Yaya, ina so in koma gida. Ko ba degree. In Mama ta dama min kunu zan warke."

Na je wajen fastonmu, mutumin Kafanchan, na zayyana masa komai ba ɓoye-ɓoye. 'Yan coci suka tashi tsaye, aka fara neman takardar da mutum zai iya fita ƙasar da ita ba tare da fasfo ba, matan zumunta suna kawo farfesu. Abin da nake roƙo ke nan safe da yamma, Allah ya bari in sa yaron nan a jirgi da ransa. Takarda kuwa ba ta san mutum yana ciwo ba. A je nan, a dawo gobe, a kawo hoto, a jira.

Ranar da leɓunansa suka canza launi ban ƙara tambayarsa ba. Azman ya ɗauke shi cak ya sa a motar furanni, muka tafi asibiti, in za a kama ni a kama. Ba wanda ya kama ni. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta duba hoton ƙirjinsa. Ta ce nimoniya ce ta daɗe har ruwa ya taru, huhu ɗaya ya kusa gama aiki. Maganar jirgi kuwa ta ce a ajiye ta tukuna.

A barandar asibitin na kira Mama na gaya mata gaskiya tun daga Oga har kol rum. Na shirya jin faɗa. Ba ta yi ba, ta ce kawai in kai masa waya. Na riƙe masa a kunne, ban ji abin da take cewa ba, na dai ga yana gyaɗa kai, hawaye yana bin gefen fuskarsa. Da ya cire abin numfashin da aka sa masa a hanci don ya amsa, abin da ya iya cewa shi ne, "Mama, ki yi haƙuri da gonar."

Ya rasu da hantsi, ranar Talata, ina riƙe da ƙafarsa ina murza masa don ya ce ta yi sanyi. Ban yi ihu ba. Na ci gaba da murzawa har nas ta zo ta janye hannuna a hankali.

Aka kai shi mutuware, ɗakin ajiye gawa. Nan wata sabuwar wahala ta fara. 'Yan'uwan Baba suka ce a al'adarmu ɗa namiji ba ya kwana a ƙasar wasu, dole a kawo shi ƙauye a sa shi kusa da mahaifinsa, har sun nuna wurin. Ni ma abin da nake so ke nan. Na kasa kai shi da rai, ko gawarsa in kai. Amma fitar da mamaci marar fasfo ya fi fitar da mai rai wuya. Makonni suka yi ta wucewa, fasto yana zirga-zirga, kawunnai suna kira suna tambaya ko na zauna ne ina cin shinkafar Malesiya.

Kullum da safe ina komawa ƙarƙashin raga, don in na zauna a ɗaki zan haukace. A lokacin ne melur ɗin nan na jikin bango suka fara toho, 'yan ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu a tsakiyar reshe, wasu can gindi. Ba zan yi ƙarya ba, haushinsu na ji. Itacen haya, wanda ba uwar da ke jiransa, shi ne ya tashi. Na ɗauki almakashi ina datse matattun rassa a saman tohon, ina kuka ina yi, Mak Cik tana zaune a kujera tana miƙo mini tukunya ta gaba. Da na gama ta ce akwai maƙabartar Kirista a bayan gari, Azman ya san hanya. Na ce mata a'a da ƙarfi, har na ji kunya daga baya.

Ranar Lahadi Mama ta kira ni da kanta. A Jos lokacin hunturu ne, na gan ta cikin hular ulu da zani biyu, ta rame. Ta tambayi inda maganar takarda ta tsaya, na ce ana kai, an ce a ƙara haƙuri. 

"Saratu, wurin da aka ajiye shi ɗin nan, yaya yake?"

Na so in kauce, amma ta tsare ni da ido.

"Kamar firji ne, Mama. Akwati ne na ƙarfe, ana jawowa."

"Da ƙanƙara?"

"Da sanyi dai."

"Tun ranar nan yana ciki?"

"E, Mama."

Ta sa bakin zani ta rufe fuska. Na ji muryar wani kawuna daga gefe yana cewa ai an kusa, a daure, al'ada ce. Mama, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa dangin mijinta murya ba, ta juya ta ce masa ya yi mata shiru, ba shi ya haifa ba. Sannan ta dawo gare ni.

"Ƙasar garin nan, in an haƙa, tana da ɗumi?"

Ni da nake yini da yatsa cikin ƙasar nan, na san amsa.

"Da ɗumi, Mama. Ko da asuba da ɗuminta."

"To ki je gobe ki fitar min da yarona daga sanyin nan. Ya sha ya isa."